Ranar da Aka Nema wa Ba-Sisi La'ada

Wani mutum ne a nan garinmu, sunansa Ɗayyabu, amma in ka shiga kasuwa kana cigiyar Ɗayyabu sai ka wuni kana yawo. Ka ce Ba-Sisi. Ko mai goro zai nuna maka inda yake zaune.

A layinmu na teloli ya taso. Shekara huɗu ya yi yana koyon ɗinki, har ya bari bai taɓa ɗora wuyan riga ya zauna daidai ba. Ya taɓa ɗinka wa wani ladan wando, ƙafa ɗaya ta tsaya a ƙwauri, ɗayar tana share masallaci. Da ya ga allura ta ƙi shi, sai ya sayi babbar waya ya koma sana'ar baki. Nan kam Allah ya ba shi.

Ga yadda sana'ar take. Zai ɗauko kaya, ya tsaya gaban waya, ya yi ta yabonsu. Yau turare, gobe fanka mai caji, jibi sabulun aski. A ƙarƙashin kowane bidiyo akwai wani ɗan shuɗin rubutu da ake latsawa, linki suke ce masa, shi zai kai ka shagon kamfanin. Kana saye ta nan, kamfani ya san Ɗayyabu ne ya turo ka, sai a yanka masa kamashonsa. Mu a lokacin ba mu san haka abin yake ba. Kuma ko mun sani, wa zai ga laifinsa? Kowa da hanyar cin abincinsa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne yadda yake rufe kowane bidiyo. Sai ya dafa ƙirji, ya lumshe ido, ya sassauta murya:

"Jama'a, ni ba ɗan talla ba ne. Ko sisi ba a ba ni ba. Abin da na gwada a gidana na ga amfaninsa, shi nake gaya muku saboda Allah."

Daga nan sunan ya bi shi, shi kuma ya rungume shi hannu biyu. In ya zauna wurin mai shayi, to a kashe rediyo. Wani kamfani ya aiko masa da mota har ƙofar gida, ya ce a juya da ita. Wani attajiri ya biyo shi da jaka cike da kuɗi, ya ce masa bakinsa ba na sayarwa ba ne. Motar nan a farkon shekara ƙarama ce, kafin damina ta zama jif, kafin kaka ta zama biyu.

Mutanenmu kuma kun san su, ba sa son a yi musu alheri su bar mutum ya tafi haka nan. Tunda bawan Allah ya ƙi kuɗin kamfani, ai sai mu mu riƙe shi. Mai shayi ya daina karɓar kuɗinsa, har ƙwai yake ƙara masa. Mai tsire yana hango shi zai fara yanka. Mu teloli mun mai da ɗinkinsa kyauta. Ashe mutumin tudu biyu yake ci, mu muna ta sa masa albarka.

Ni Ilu, shagona ne na farko in ka shigo layin, kuma ina da ɗan janaretana. Akwai soket a bakin ƙofa. Kullum da hantsi Ɗayyabu zai zo, ya yi sallama, ya zaro waya biyu da wani batir mai kama da bulo, ya jona su duka. Ko "zan sa caji" ya daina ce mini. Ni kuma ina jin nauyinsa. Mutumin da ya mayar da jif biyu, ni ne zan hana shi wuta?

To sai ga azumi ya matso, saura mako biyu. Duk wanda ya san ɗinki ya san abin da watan nan yake nufi a wurin tela: abin da ka samu na kayan Sallah, shi zai riƙe ka rabin shekara. Ga wuta ba ta zuwa, in ta zo ma kafin dutsen guga ya yi zafi ta koma. Ga man janareta ya fi ƙarfinmu. Shi ya sa shago ashirin da uku muka yi ƙungiya, muka shekara biyu muna zubi, don kowa ya samu sola a shagonsa kafin wannan azumin. Akwai wanda ya fasa gyaran rufin ɗakinsa saboda zubin nan. Ni kaina tunkiyar matata na sayar na cike nawa, kuma har ranar ba ta daina tuna mini ba.

Da farko Haladu muka kira, mai haɗa sola a bakin tasha. Ya zo ya duba kekunanmu, ya duba duwatsun guga, ya faɗi kuɗin kaya, ya faɗi kuɗin aikinsa, har ribar da zai ci ya faɗa. Kuɗinmu ba za su kai kowa da nasa ba, in ji shi, sai dai shago uku-uku su haɗa ɗaya. Ranmu bai so ba.

Ɗayyabu na jin labari ya dira a layin.

"Haladu? Mutumin da ya gaya muku da bakinsa zai ci riba a kanku, shi za ku bi? Haba jama'a. Akwai wata sola ta wani kamfani a Kaduna, rabin kuɗin, kowa da tasa. Wata shida ke nan tana gidana. Firji, talabijin, fanka uku, matata tana guga da ita dare da rana. Ko tari ba ta taɓa yi ba."

Yana wannan maganar wayoyinsa suna jone a soket ɗina. Wallahi na kalle su, na kalle shi, wani abu ya ɗarsu a raina. Amma na ce ƙila mantuwa yake yi da safe. Wata shida yana mantuwa. Kun ga irin wautar da son araha ke sa mutum.

Aka tsayar da ranar Asabar bayan la'asar. Shugabanmu, Malam Tasi'u, zai tura kuɗin gaba ɗaya ta linkin Ɗayyabu a gaban kowa. Har babbar riga muka haɗu muka ɗinka masa ta tukwici, shadda ruwan ƙasa, ni na yi aikin wuyan da hannuna. Aka ninke ta aka ajiye a kan teburin yanka.

Asabar ta yi, muka jera benci a ƙofar shagona. Ɗayyabu ya zo yana ƙamshi, ya jona wayoyinsa, ya hakimce a tsakiya. Malam Tasi'u ya fito da takardar farashin da kamfanin ya aiko, ya gyara tabarau, ya fara lalube a waya.

Sai ga Baba Jatau ya shigo layin da sandarsa.

Baba Jatau yayan mahaifiyar Ɗayyabu ne, dillalin shanu, shekara arba'in a kara. Ɗan siririn tsoho ne, ba ya ɗaga murya, amma ya kalli saniya sau ɗaya zai gaya maka abin da ta ci shekaranjiya. Wando ya kawo a rage masa. Da ya ga taro sai ya samu gefen benci ya zauna, aka gaisa, aka ba shi labari.

Ya jinjina kai. "Madalla. Shago ashirin da uku. Ɗayyabu, nawa ce la'adarka?"

Ɗayyabu ya yi wata 'yar dariya, ya waiwaya ya tabbatar kowa na ji.

"Kawu ke nan. Ai ni ba dillali ba ne. Wannan sana'ar taku ce, ku tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa ku lashi nan ku lashi can. Mu 'yan zamani saboda Allah muke yi. Ko sisi."

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na ga tsohon ya daina tauna goronsa.

"Ko sisi," in ji Baba Jatau.

"Ko sisi, Kawu."

"Kuma da ma can kana kai musu masu saye?"

"Ɗaruruwa. Ka tambayi kowa."

Baba Jatau ya buga sanda a ƙasa, tim. Ya miƙe tsaye. Muka zaci Ɗayyabu zai zaga, sai muka ji ya juya kan kamfanin.

"Amma mutanen nan ba su da tsoron Allah. Ɗan ƙanwata za su mai da bawa? Ya yi musu talla, ya ƙone katinsa, ya bushe maƙogwaronsa, su sallame shi da mun gode? Ina raye? Jama'a, wannan adalci ne?"

"Ba adalci ba ne," in ji Malam Tasi'u. Nan da nan benci ya ɗauka. Kowa na cewa gaskiya an cuci Ba-Sisi, a nema masa haƙƙinsa.

Murmushin Ɗayyabu ya ɗan karkace. "Kawu, bar shi kawai. Na yafe musu."

"Ka yafe? Uwarka na can tana soya ƙuli a rana, kai kana yafe wa masu bene? Ba ka da wannan ikon. Ba ni lambarsu."

"Ai yau Asabar, ba sa ɗauka."

"A gwada."

"Kuma Turanci suke yi."

"Kuɗi ba ya Turanci. Kawo lambar."

"Wayar tawa ma tana caji, Kawu."

"Ga lambar nan a jikin takarda," in ji Malam Tasi'u, cike da son taimako. Kafin Ɗayyabu ya haɗiye yawu ya danna, ya sa a sifika, ya miƙa wa tsoho. Ƙirr. Ƙirr. Ɗayyabu na ta addu'a a ransa, na ga leɓensa na motsi. A na uku aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Rahila ke magana daga sashen masu saye." Hausarta tas, ta fi ta wasunmu.

"Wa alaikumus salam, 'yata. Sunana Jatau, dillalin shanu. Ni ne kawun Ɗayyabu, wanda ake kira Ba-Sisi. Ga shi nan kusa da ni yana jin ki."

"Ayya, Malam Ɗayyabu ai namu ne. Ina wuni, Baba?"

"Da sauƙi dai. 'Yata, magana zan yi miki ta kasuwa. Yaron nan ya kawo muku shago ashirin da uku a zama ɗaya. A kara, ko akuya mutum ya haɗa cinikinta ba ya tashi haka. Ba roƙo na zo ba. Ki taya."

"In taya me, Baba?"

"La'adarsa. To tunda ba ki saba ba, ni zan yanka. Biyar cikin ɗari. Ba na ragi. Ko ki ce albarka, ko ki sallama."

Teloli suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Tsoho ya iya." Ɗayyabu kuwa gumi ya karyo masa, har turaren ya fara wani wari daban.

Rahila ta ce a ɗan dakata mata. Muna jin ana danna kwamfuta, ƙwas ƙwas ƙwas. Sannan ta dawo, a hankali, kamar mai tsoron ɓata wa babba rai.

"Baba, ku gafarce ni, ban gane ba. Rage masa kuke so a yi?"

Teloli muka kalli juna. Har janaretana na ji kamar ya sassauta.

"Rage me?" in ji Baba Jatau.

"Kamashonsa. Ai sha biyu cikin ɗari yake karɓa. A da takwas ne, tun bara. Da maganar telolin nan ta taso ya yi ta kiran manaja har aka ƙara masa."

"Sha biyu."

"Sha biyu, Baba."

Har gobe ban sani ba ko tsohon nan da gaske ya tashi nema wa ɗan ƙanwarsa haƙƙi, ko tun daga bakin layi ya san abin da zai tarar. Na dai ga gefen gashin bakinsa yana rawa.

Ɗayyabu ya yi wuf ya miƙe. "Jama'a, wallahi ni ban san suna turowa ba. Ƙila wani asusun ne daban, ni ba na ma dubawa."

Ya manta wayar na sifika.

"Malam Ɗayyabu, kai ne? Ai ko da safen nan ka kira sau biyu kana tambaya ko telolin sun biya." Ta ɗan numfasa. "Baba, tunda ku ne kawunsa, don Allah ku yi masa magana. Sau uku muna rubuta masa ya riƙa faɗa a bidiyonsa cewa talla ce, ana biyansa. Yana cikin takardar da ya sa wa hannu. Ba mu hana shi ci ba, cewa muka yi ya faɗa."

Malam Tasi'u ya cire tabarau. Mutum ne mai sanyi, shekara ashirin ban taɓa jin ya zagi ko almakashi ba, amma ranar fizge wayar ya yi daga hannun tsoho.

"Baiwar Allah, ni ne shugaban telolin. Tambaya ɗaya. Solar nan za ta ja keken wuta da dutsen guga?"

"Dutsen guga? A'a, Malam. Wannan ƙaramar ce, ta fitila da fanka da cajin waya. Kuna jona dutsen guga za ta ɗauke ɗif. Wa ya ce muku za ta ja?"

"An ce mana akwai gidan da ake guga da ita wata shida. Gidan Ɗayyabu."

"Ba mu taɓa kai masa ba. Mun so mu ba shi ɗaya ya gwada kafin ya fara talla, ya ce a ba shi kuɗinta ya fi. Malam, in don aikin shago ne, kada ku saya. Ku nemi mai haɗawa a garinku ya zo ya auna muku."

Malam Tasi'u ya yi mata godiya, ya kashe waya, ya sa ta a aljihu, ya dafe aljihun da tafin hannu. Zubin shekara biyu ne a ciki, saura danni ɗaya ya tafi. Ni tunkiyar matata ce ta faɗo mini a rai, da irin kallon da zan sha a gida in da na kai mata labarin na sayi fitila da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba na ɓoyewa, da ba don tsohon na wurin ba, da na ɗauki ma'aunin katako.

Ashirin da uku muka juya a tare muka kalli soket ɗina. Wayoyi biyu da bulo suna ta ƙyafta ido.

Ɗayyabu ya fara ja da baya. "Bari in je in yi alwala."

Baba Jatau ya sa kan sandarsa ya maƙalo shi ta aljihu, caraf.

"An yi la'asar, magariba da saura. Zauna." Ya kalle shi sama da ƙasa. "Sha biyu. Shekara arba'in ina shan ranar kara, ban taɓa ganin sha biyu ba. Ashe babban dillalin gidanmu yana nan muna raina shi. Ni ban ga laifinka a karɓa ba. Amma ni tawa a fili nake faɗinta, mai saye na ji, mai sayarwa na ji. Shi ya sa in saniya ta kwana da tari ake zuwa ƙofar gidana, ni kuma in fito. Kai ka ɓoye taka ne don kada a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa."

"Kawu, a rufa asiri."

"Yanzu za a rufa. Ilu, ciro masa waya."

Na ciro, da daɗin rai kuwa. Malam Tasi'u ya riƙe ta yana ɗaukar bidiyo. Baba Jatau ya kama wuyan hannun Ɗayyabu ya ɗaga sama, yadda yake yi in ciniki ya faɗa.

"Inda ka saba faɗa, nan za ka faɗa. Nawa ce la'adarka?"

"Sha biyu." Muryar kamar ta sauro.

"Na bayan benci ba su ji ba."

"Sha biyu cikin ɗari."

"Ka gwada solar?"

"Ban gwada ba."

"To dafa ƙirjin mana, ka lumshe idon. Ai an ce ka iya."

Nan layi ya fashe. Wani dattijon tela dariya ta kayar da shi daga benci, yana riƙe da ciki yana neman ruwa. Mai shayi da ya leƙo ya ji me ake ciki, ya koma yana ƙirga wani abu da yatsu yana girgiza kai. Aka sa Ɗayyabu ya ɗora bidiyon da hannunsa, a shafinsa, a saman na turare.

Malam Tasi'u ya aika a kira Haladu. Shago uku-uku ɗin da muka raina, ita muka koma muka karɓa muna godiya.

Baba Jatau ya karkaɗe rigarsa zai tafi, sai ya tsaya a gaban teburin yanka.

"Jama'a, ni ba na aikin banza. Na tsaya muku a ciniki, kuɗinku sun tsira. La'adata wannan rigar. Ga shi na faɗa, kowa ya ji?"

Muka ce mun ji, mun sallama. Ya saɓa shaddar a kafaɗa ya wuce, Ɗayyabu na bin ta da ido har ta sha kwana.

Kwana uku ba a ga ƙeyarsa a kasuwa ba. Rana ta huɗu da hantsi ina cikin guga, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Ga shi a bakin ƙofa, ba turare, waya a hannu ta mutu murus, igiyar caji na lilo. Ya gaishe ni har da rusunawa, hannunsa kuma yana tafiya wajen soket da kansa, don ya saba hanya.

Na ajiye dutsen guga, na sa tafin hannu na rufe soket ɗin.

"Malam Ilu, ko na minti goma ne."

Na ce, "Haba Sha-Biyu, me za ka yi da wutar talaka? Je ka gida ka jona a solarka. Wata shida ko tari ba ta taɓa yi ba."